Farantan ƙasa: sakainun da muke zaune a kansu

Da asubahin ranar 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17, ƙasa ta motsa a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Mutum sama da 50,000 suka rasu. Wata bakwai bayan haka aka yi ta Maroko, a tsaunukan da ke kudu da Marrakesh, ta ci rai kusan 3,000. A kowane karo, bayan salati da jaje, sai a kawo masani a rediyo ya ce "farantan ƙasa ne suka goga juna", mai gabatarwa ya ce "to madalla", a wuce zuwa labarin wasanni. Mai sauraro kuma a bar shi da tambaya: wane faranti ne a ƙarƙashin ƙasa, kuma me ya sa kullum su ne, Turkiyya da Iran da Japan da Indunusiya, ba mu ba?

Kalmar faranti fassara ce kai tsaye daga Turanci, kuma ni dai ba ta gamsar da ni ba, don tana kai hankalin mutum ga tangaran a cikin kabad. Da an bar wa Bahaushe zaɓi, sakaina zai ce. Ɗauki ƙwarya ta faɗi ta tsage gida bakwai ko takwas, amma ba ta tarwatse ba, kowane yanki yana nan a mazauninsa, bakinsa yana taɓa na maƙwabcinsa. Haka ɓawon duniya yake. Kowace sakaina dutse ne mai ƙarfi, kaurinsa wajen kilomita 100, kuma a kansa ne nahiyoyi da tekuna suke zaune. Manya guda bakwai ake ƙirgawa, sai matsakaita da ƙanana da dama, irin na Larabawa da na Anadolu wanda Turkiyya take kai. Ilimin da ke bayanin motsinsu shi ake kira tektonik, daga kalmar Girkanci da ke nufin magini. Tunda dai faranti ya riga ya kama baki, da shi za mu ci gaba.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kansa: faranti ba nahiya ba ne. Farantin Afirka bai tsaya a gaɓar Legas ko ta Dakar ba. Ya ci gaba ta ƙarƙashin ruwa har tsakiyar Tekun Atilantika, inda ya haɗu da na Amurka ta Kudu.

To a kan me suke tafiya? Sai mun leƙa cikin duniyar. Daga inda kake tsaye zuwa cibiyarta kilomita 6,371 ne. Kwatanta ta da mangwaro. Ɓawon siriri ne ƙwarai: kilomita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin teku, wajen 35 a ƙarƙashin tudu, ya kai 70 a gindin tsaunukan Himalaya. Faranti ya fi ɓawon kauri, don ya haɗa da saman tsokar mai tauri. Tsokar, wadda masana ke kira mantil, ta nutsa har zurfin kilomita 2,900. Daga nan sai ƙwallon, wanda akasarinsa baƙin ƙarfe ne da wani ƙarfen da ake kira nikel. Wajensa narkakke ne, yana kai da komo, kuma wannan kai da komon ne ke haifar da maganaɗisun da ke juya allurar kamfas ɗin da matafiyi ke neman alƙibla da shi. Cikinsa kuwa daskararre ne, duk da zafinsa ya haura digiri 5,000, saboda nauyin da ke danne shi bai bar shi ya narke ba.

Babu wanda ya je can. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, ya kai mita 12,262 a 1989, zafin ƙasan ya kai digiri 180, injuna suka gaza. Ko kaso ɗaya cikin 500 na hanyar ba su ci ba. Yadda aka san sauran shi ne yadda mace ke sanin lafiyar tukunya a kasuwa: ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ta kasa kunne. Girgizar ƙasa ce ke yi wa duniya ƙwanƙwasar, na'urori a ƙasashe daban-daban kuma su saurara. Girgiza na aika igiya iri biyu ta cikin ƙasa, ɗaya tana ratsa ruwa da dutse duka, ɗayar ba ta iya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Da aka lura cewa ta biyun tana ɓacewa idan ta doshi tsakiyar duniya, sai aka gane akwai narkakken abu a can. A 1936 wata masaniya 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta tsinci wasu raunanan igiyoyi suna ɓullowa inda bai kamata a ji su ba, ta ce lallai akwai wani ƙwallon a cikin ƙwallon. Haka kuwa aka tarar.

Mutane da yawa suna zaton farantan suna iyo ne a kan tekun wuta, kamar kwale-kwale. A'a. Mantil dutse ne, ba ruwa ba. Je ka maƙera ka ga ƙarfen da aka ciro daga wuta ya yi jajir: bai narke ba, in ka buga shi zai yi ƙara, amma yana lanƙwasuwa. Dutsen mantil haka yake, zafi da nauyi sun sa yana malala a hankali, santimita kaɗan a shekara. Zafin kuwa wani ragowar na farkon halitta ne, wani kuma daga ma'adanai irin su yuraniyom, wannan dai da ake haƙa a Arlit, waɗanda ke fitar da zafi yayin da suke ruɓewa a hankali. Mai zafi ya taso, mai sanyi ya nutse, kamar talge a tukunya, sai dai wannan talgen juyi ɗaya yana cin miliyoyin shekaru. Masana a yau sun fi karkata ga cewa babban abin da ke jan faranti shi ne nauyin kansa: bakinsa da ya tsufa ya yi sanyi yana nutsewa cikin mantil, yana jan sauran a baya, kamar zanen da aka shanya a katanga idan gefe ɗaya ya rinjaya.

Saurin tafiyar bai wuce na tsirowar farce ba. Tsakaninmu da Barazil, teku na ƙara faɗi da wajen santimita 3 a shekara. Wanda ya shekara 70 a duniya, Barazil ta ƙara nisa da shi da kamar mita biyu. Abin dariya ne a rayuwar mutum ɗaya. Amma sannu ba ta hana zuwa: ninka santimita 3 ɗin nan sau shekara miliyan 100, ka sami kilomita 3,000.

Wannan lissafin ne ya kai mu ga Alfred Wegener, Bajamushe masanin yanayi. A 1912 ya fito ya ce nahiyoyin nan a da dunƙule suke wuri guda, daga baya suka rarrabu. Hujjarsa ta farko ko ɗan firamare zai iya gani a taswira: ƙusumbin Barazil ya dace da lungun Tekun Gini, inda Najeriya da Kamaru suke, kamar murfi da tukunyarsa. Ya ƙara da ƙasusuwan wata dabba mai kama da guza da ake samu a duwatsun Barazil da na kudancin Afirka, wadda ba yadda za a yi ta ƙetare teku da iyo. Aka yi masa ca. Aka ce to wane ƙarfi ne zai ja nahiya sukutum? Bai da gamsasshiyar amsa, kuma a gaskiya masu sukarsa ba su yi laifi da tambayar ba. Ya mutu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930, maganarsa tana matsayin tatsuniya. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka fara auna ƙasan teku, wata Ba'amurkiya mai zanen taswira, Marie Tharp, ta gano wani dogon kwari a ƙololuwar jerin tsaunukan da ke tsakiyar Atilantika. Daga baya aka auna shekarun duwatsun wurin: na bakin kwarin jarirai ne, kuma duk nisan da aka yi gabas ko yamma sai su ƙara tsufa, dama da hagu daidai wa daida. Ma'ana ana ƙera sabuwar ƙasa a tsakiya, tana ture tsohuwa gefe. Kafin 1970 yawancin masana sun sallama.

Duk rigimar a bakin farantan take. Inda suke rabuwa, narkakken dutse ke tasowa ya cike gurbin. Bahar Maliya, wadda kakanninmu mahajjata suka riƙa ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda, irin wannan tsagar ce: farantin Larabawa ne ke janyewa daga Afirka, wajen santimita ɗaya a shekara. Baƙaƙen duwatsun da alhaji ke gani shimfiɗe a kewayen Madina aman wuta ne da ya daskare, kuma malaman tarihi sun rubuta wanda ya auku kusa da birnin a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, aka yi makonni wuta na malala kafin ta tsaya.

Inda suke karo kuwa, in ɗaya na teku ne, shi ke nutsewa don ya fi nauyi. A irin wannan wurin ake samun ramukan teku mafi zurfi, kamar na Mariana mai kusan kilomita 11, da jerin duwatsu masu aman wuta, da girgiza mafi muni. Ta gaɓar Sumatra ranar 26 ga Disambar 2004 ta ɗaga ƙasan teku, ruwa ya tashi ya afka wa ƙasashe sama da goma, har Somaliya, mutum wajen 230,000 suka halaka. In kuma duka biyun tudu ne, to an yi karon battar ƙarfe, babu mai nutsewa, sai ƙasa ta tattare ta yi sama. Indiya ta yi wa Asiya haka shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma har gobe turawa take. Dutsen da ke kan ƙololuwar Everest, mita 8,849 sama da teku, farar ƙasa ce mai ɗauke da ɓurɓushin halittun ruwa.

Na ukun shi ne gogayya gefe da gefe, kuma shi ya faru a Turkiyya. Farantin Larabawa na tura arewa, na Anadolu na zamewa yamma kamar ƙwallon mangwaro da aka matse da yatsu. Bakunan ba sumul suke ba, sai su sarƙe. Turi bai tsaya ba, dutse na lanƙwasuwa yana tara ƙarfi shekara ɗari, ɗari biyu, kamar baka da ake ta ja. Ranar da ya ƙwace, tafiyar ƙarnuka yake yi cikin minti ɗaya ko biyu. A wancan daren ƙasa ta tsage tsawon kilomita sama da 300, aka wayi gari an ga tituna da layin dogo sun goce da mita uku, huɗu. Masana sun san wuraren da bakan yake a ɗame. Ranar da zai saki ce babu na'urar da ke faɗa, don haka duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa za a yi girgiza ranar kaza, ka san ƙirƙira ce.

Mu kuwa a tsakiyar sakaina muke. Daga Kano, ko ta wace fuska ka nufa, sai ka yi sama da kilomita 2,000 kafin ka kai bakin faranti. Dalilin sauƙin da muke samu ke nan, alhamdu lillahi. Sauƙi ne dai, ba kariya ba: mazauna Mpape a Abuja sun ji ƙasa na rawa a Satumbar 2018, kuma girgizar Akara ta 1939 ta rusa gidaje ta kashe mutane. Tsofaffin tsagu na nan binne, sukan ɗan motsa. Akwai kuma layin duwatsun aman wuta da ya taso daga cikin Tekun Gini ya bi ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, reshensa ya kai har tudun Biu. A kan wannan layin Tafkin Nyos yake, wanda a daren 21 ga Agustan 1986 ya saki iskar da ta taru a ƙasansa, ta bi kwari ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dubban shanu.

Babban tabon da ke jikin ƙasarmu kuwa shi ne kwarin Binuwai. Lokacin da Amurka ta Kudu ke ɓallewa, shekara miliyan 100 da ɗoriya, tsagar rassa uku ta yi daga lungun Tekun Gini. Biyu suka buɗe suka zama Atilantika. Na ukun ya nufi arewa maso gabas, wajen Tafkin Chadi, ƙasa ta lotsa, teku ya shigo ya kwanta a inda Makurɗi da Gombe suke a yau. Masu fasa dutsen siminti a Ashaka har yanzu suna tono katantanwar teku da ta zama dutse, wasu sun fi tafin hannu girma. Sai kuma reshen ya tsaya cak, laka da yashi suka cike shi, kogi ya bi ta kai.

Wannan ya kamata a tuna idan an sake turo hoton nan na tsagar Kenya ta 2018 da taken "Afirka ta fara rabewa biyu". Ita waccan tsagar, masana da dama sun ce ruwan sama ne ya zaizaye ƙasa mai laushi. Amma rabuwar gabashin Afirka gaskiya ce: daga Habasha zuwa Mozambik ƙasa na buɗewa milimita kaɗan a shekara, kuma a yankin Afar a 2005 wata tsaga mai tsawon kilomita 60 ta buɗe cikin 'yan kwanaki, faɗinta a wani wurin ya kai mita 8. In abin ya ɗore, nan da miliyoyin shekaru teku zai shiga, Somaliya da gabashin Kenya su zama tsibiri. Zai kuma iya tsayawa a hanya, kamar yadda na Binuwai ya yi.