Mene ne ake nufi da "sikopat"?

A fadojin Yamai, da an ji labarin wani da ya yi mummunan kisa, sai ka ji wani ya ce, "Ai sikopat ne." Kalmar ta shigo mana ta Faransanci da finafinai, kuma yawancin masu faɗinta mahaukaci suke nufi. Masana halayyar ɗan Adam ba haka suke nufi ba.

Sikopat hankalinsa garau yake. Ba ya jin muryoyi, ba ya surutu shi kaɗai, ba irin wanda dangi ke kamawa su kai Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ba ne. Ya san daidai, ya san ba daidai ba. Tausayi ne babu, nadama babu. Zai cinye jarin abokinsa, washegari ya zo ya zauna a sha shayi tare, ya dubi tsabar idonsa ya rantse, ko gezau. Likitan Amurka Hervey Cleckley ya siffanta irin waɗannan mutane a littafinsa na 1941: a waje lafiyayyu, masu daɗin baki, a ciki wayam.

Ma'aunin da aka fi aiki da shi na Robert Hare ne, ɗan Kanada, wato PCL-R na 1991. Halaye 20 ake dubawa, irin su ƙarya, yaudara, ji-ji-da-kai, saurin gundura da rayuwa a kan gumin wasu. Kowanne ana ba shi maki 0, 1 ko 2, jimla 40. A Amurka da Kanada sai mutum ya kai 30 ake saka shi a wannan sahu. Ƙwararre ne ke yin gwajin, da doguwar hira, sannan ya bi takardun kotu da na gidan kaso, don maƙaryaci ba a tsaya a bakinsa. Tambayoyin nan da ake turawa a WhatsApp wai ka gwada mijinki ko maigidanka, shirme ne. Ma'aunin ma kansa a kan fursunoni maza na Arewacin Amurka aka gina shi, don haka ɗora shi a kan mutanenmu sai da hattara.

Batun ƙwaƙwalwa kuwa, tun 1957 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, David Lykken, ya gwada fursunoni: a kaɗa ƙararrawa, a biyo da jan lantarki. Mutum idan ya saba, da ya ji ƙararrawar fatarsa ke fara gumin fargaba. Na masu wannan hali kaɗan ne. Daga baya hotunan MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, suka nuna bambanci a amigdala, ɗan sashen da ke kula da tsoro, da kuma ɓangaren da ke bayan goshi, mai auna sakamako kafin a aikata. Wani mai binciken ƙwaƙwalwa, Kent Kiehl, har tirela ya ɗora wa na'urar ya riƙa shiga da ita gidajen kaso na jihar New Mexico ta Amurka. Sai dai bambancin yana fitowa ne idan an kwatanta rukuni da rukuni. Babu likitan da zai kalli hoton kan mutum guda ya yanke cewa sikopat ne.