Waiwaye: Gangamin intanet da muryar mutanen ƙauye

Tun wajajen 2010 masana ke ja-in-ja a kan gangamin da ake yi a shafukan sada zumunta. Irin su Evgeny Morozov sun ɗauke shi gwagwarmayar 'yan zaman kashe wando: mutum ya danna waya, ya ji kamar ya sauke farali. Juyin juya halin ƙasashen Larabawa na 2011 ya rage wannan raini. Daga baya Zeynep Tufekci ta nuna cewa intanet na iya tara dubban mutane cikin 'yan kwanaki, amma taron da ba shi da tsari da jagoranci ba ya jure doguwar tafiya.

Abin da ya faru a Najeriya bai saɓa wa haka ba. Gangamin neman sako 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014 ya karaɗe duniya, amma har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Shi kuwa na rage shekarun tsayawa takara, da yake buƙata ɗaya tak ya sa a gaba, ya zama doka a 2018.

Wanda ya fi kama da halin da mutanen ƙauye ke ciki shi ne na ƙauyen Bagega a Zamfara. Gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara tun 2010, gwamnati ta yi alkawarin kuɗin share gubar daga ƙauyen, sai shiru. Ɗan gwagwarmaya Hamzat Lawal da abokansa suka je ƙauyen, suka ɗauko hotuna da bayanan iyaye, suka matsa wa hukumomi lamba a Twitter. A farkon 2013 aka saki kuɗin. Sun san abin da suke nema, sun kuma san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Abin da ke damuna shi ne yadda masana ke binciken irin wannan gangami. Mafi yawansa ƙirga rubutun Twitter ne (X a yanzu), galibi na Turanci, don a da shi ne mai sauƙin tattarawa. Amma manomin Auyo ko Guri a Jihar Jigawa da ambaliyar 2022 ta cinye masa shinkafa, ko ciyawar kachalla ta toshe masa hanyar ruwa, ba can yake kai kuka ba. Saƙon murya yake turawa a WhatsApp, ɗansa da ke Dutse ya sa a Facebook, wani gidan rediyo ya ɗauka, kafin maganar ta kai kunnen ɗan majalisa. Wannan doguwar hanya ba ta fitowa a alƙaluman kwamfuta.

Ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse suna kusa da waɗannan garuruwa, kuma suna jin harshen. Ya kamata su shiga kasuwannin ƙauye, su zauna a shagunan cajin waya, su tambayi mutane wa suka kai wa kuka, me kuma ya biyo baya.