Ƙungiyar unguwa da kwalejin da ke maƙwabtaka da ita: ina ikonta ya tsaya a doka?

Damina biyu da suka wuce, kwalejin da ke bayan unguwarmu ta ja katanga. Ba wanda ya ce kada ta ja, filinta ne. Sai dai katangar ta toshe hanyar da ruwa ya saba bi tun kafin a haife mu, ruwan sama mai ƙarfi na farko da aka yi ya juyo ya afka gidaje. Da idona na ga wata tsohuwa tana kwarfe ruwa daga ɗakinta da ƙwarya, buhun geronta ya sha ruwa har rabi. Bayan isha'i muka taru a ƙofar masallaci, rai a ɓace. Wani matashi ya ce a bari dare ya raba a je a fasa katangar. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, in kunka fasa ta, mu munka zama masu laifi. Ku tambaya tukuna, mi doka ta ba mu?"

Wannan tambaya ta shafi unguwanni da yawa a Sakkwato. Mutanen Farfaru suna zaune da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, na Dundaye da Kwalkwalawa suna maƙwabtaka da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, haka nan duk inda wata makarantar gaba da sakandare ta sauka. Makaranta tana kawo ciniki ga mai shago da mai shayi da ɗan kabu-kabu, tana ɗaga kuɗin haya, tana kuma kawo shara da hayaniya da baƙin fuska. Shi ya sa kusan kowace irin wannan unguwa take da ƙungiyar ci-gaba. Abin da na fahimta bayan wahalar da muka sha shi ne, doka ta ba ƙungiyar unguwa baki, amma ba ta ba ta sanda ba.

Kafa ƙungiya ba ya buƙatar izinin kowa. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin haɗuwa da wasu, ya kafa ƙungiya ko ya shiga wata don kare muradunsa. Saboda haka ƙungiyar da ba ta da rajista halastacciya ce, tana iya zama, ta tara gudummawa, ta rubuta wasiƙa. Amma 'yancin shiga yana tafe da 'yancin ƙin shiga. Wanda ya ce ba ya ciki, ba a tilasta masa, ba a kuma yanka masa kuɗin wata.

To, mene ne amfanin rajista? Nan ne ya kamata a tsaya a saurara. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ba, a idon doka taron mutane ce kawai. Ba ta iya mallakar fili da sunanta. In za a je kotu, sai wasu mutane su tsaya da sunayensu a madadin sauran, kuma a nan lauyan ɗaya ɓangaren yake fara neman kafa. Kuɗinta galibi yana zaune a asusun ma'aji na ƙashin kansa. Mun ga illar haka a unguwarmu: ma'ajinmu na farko, mutumin kirki, Allah ya yi masa rasuwa da kuɗin gyaran kwalbati a asusunsa. Magada ba su hana ba, amma ba wata takarda da ta raba kuɗin unguwa da dukiyar mamaci, sai da aka kwashe watanni ana kai-kawo kafin a warware.

Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na shekarar, ita ce ta tsara wannan rajista daga sashe na 823 zuwa gaba. Ƙungiya za ta zaɓi amintattu, aƙalla mutum biyu. Ba a naɗa ƙaramin yaro, ko wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai fita ba, ko wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 5 da suka gabata. Za a rubuta kundin tsarin ƙungiya: sunanta, manufarta, yadda ake naɗa shugabanni da sauke su, yadda kuɗi ke shiga da fita. Sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. In ba a samu ba, sai takardar shaida ta fito. Daga ranar, amintattun sun zama jiki guda a doka, wanda ba ya mutuwa da mutuwar wani. Ƙungiya tana iya buɗe asusu da sunanta, ta riƙe fili, ta kai ƙara, a kuma kai ta.

Rajistar tana da nata nauyin. Ba a raba kuɗin ƙungiya ga mambobi a matsayin riba, hukumar tana neman rahoton shekara-shekara, kuma in an rushe ƙungiyar, abin da ya rage ana miƙa shi ga wata mai irin manufarta, ba a kasafta shi. Sashe na 839, wanda ya ba hukumar damar dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙo, ya tayar da ƙura sosai tsakanin ƙungiyoyin addini da na farar hula, har Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a 2023 cewa ya ci karo da tsarin mulki. A ganina ƙungiyar da ke riƙe da littafin kuɗi mai tsabta, tana karanta shi a gaban jama'a, ba wannan sashen ne zai hana ta barci ba. Takardar da ake karɓa a ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha tana da amfani wajen a san da zamanku, amma ba ta kai ta CAC ba.

Yanzu sai abin da ko rajista ba ta bayarwa, kuma nan ne muka fi yin kuskure. Ƙungiya ba ta da ikon korar ɗalibi daga unguwa. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin mutum. Yarinyar da ta zo daga Zuru ko yaron da ya zo daga Ilorin, in ya biya haya, zamansa halas ne. Ko mai gidan da kansa ba ya watso kayan ɗan haya waje, sai ya ba shi sanarwa a rubuce, in ya ƙi fita a je kotu. Ƙungiya ba ta sa haraji, ba ta datse titi ta karɓi kuɗi, ba ta yanke tara ga wanda ba mambanta ba. 'Yan sintirinta in sun kama mutum yana aikata laifi, doka ta yarda su riƙe shi, amma su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Duka, ko aske kai, ko kulle mutum a shago har gari ya waye, laifi ne da zai koma kan wanda ya yi. Na faɗi wannan da ƙarfi saboda yaran nan amana ce, iyayensu sun turo su garin Shehu ne da kyakkyawan zato, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya ga wanda aka haifa a layin ba.

Wannan ba ya nufin a zuba ido. In ɗalibai sun hana mutane barci da kiɗa, ko ana zargin shaye-shaye a wani gida, akwai mai gidan, akwai mai unguwa da hakimi, akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantar wanda yake da ikon ladabtar da nasa, akwai 'yan sanda. Abin da ƙungiya za ta iya yi, kuma yana aiki, shi ne ta shawo kan masu gidajen haya su sa sharuɗɗan zama a cikin takardar haya tun ranar farko. Sharaɗin da ɗalibi ya sa wa hannu yana ɗaure shi, saɓanin sanarwar da aka liƙa a bangon masallaci.

Wani abin da ke cinye mana ƙarfi shi ne buga ƙofar da ba ita ba. Kwashe shara, gyaran magudanan ruwa da fitilun titi na cikin unguwa, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, lura da shaguna da gidajen abinci, duk Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya jera su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Birnin Sakkwato kuwa ya bazu ya wuce Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya shiga Wamakko da Dange/Shuni da Kware, don haka a fara tabbatar da wadda unguwar take ciki. Gini da katanga da hanyar ruwa suna hannun hukumar tsara birane ta jiha. Fili kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa shi ga gwamna a matsayin amana. Yana iya karɓar fili don amfanin jama'a, makaranta tana ciki, amma sai da sanarwa, kuma diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai. Duk unguwar da ke da tsohuwar rigimar iyaka da makaranta, taswirar filin da takardun diyya su ne abin nema kafin a ɗaga murya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa.

A kula da lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ce ƙarar da za a kai hukuma kan abin da ta aikata a bakin aikinta a shigar da ita cikin wata uku, ban da wasu batutuwa da kotuna suka ware, kamar rigimar mallakar fili da ta kwangila. Dokokin da suka kafa hukumomi da yawa kuma sun ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. Wata uku ba wuya yake wucewa ana ta "za mu duba". Wanda ba ya son kotu yana da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta ƙasa, tana da ofishi a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo.

Mu dai ba mu kai kotu ba. Mun rubuta wa magatakardan kwalejin wasiƙa da sa hannun mai unguwa, muka haɗa da hotunan gidajen da ruwa ya shiga, muka aika kwafi ga hakimi da hukumar tsara birane, muka tabbatar an buga mana hatimin karɓa a kan namu kwafin. A zama na biyu injiniyansu ya biyo mu har gindin katangar, ya duƙa ya ga alamar inda ruwa ya tsaya a jikin bulo. Aka rubuta abin da aka amince a takarda, kowane ɓangare ya sa hannu. Kafin damina ta gaba suka huda katangar wuri biyu suka sa ƙarfe, mu kuma muka ɗauki nauyin yashe kwatar da ke ɓangarenmu duk ƙarshen wata. Hanyar ƙafa da katangar ta rufe, wadda yara ke bi zuwa makarantar allo, har yanzu muna kan maganarta.