Maya Deren

Maya Deren (1917–1961) mai shirya fim ce kuma 'yar wasa, tana cikin waɗanda suka aza harsashin fim ɗin gwaji a Amurka, wato fim ɗin da ba ya bin labari daga farko zuwa ƙarshe yadda aka saba. An haife ta a birnin Kiev na Yukiren, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa jihar New York a 1922.

A 1943 ita da mijinta Alexander Hammid suka ɗauki fim ɗinta na farko, Meshes of the Afternoon, a gidansu da ke Los Angeles, da 'yar ƙaramar kyamara. Minti 14 ne, baƙi da fari, ba magana ko ɗaya. Ita ce jarumar. Mace ta tsinci fure a hanya, makulli ya suɓuce mata ya gangara kan matakala, ta shiga gida ta tarar da wuƙa soke a jikin burodi. Can sai ga wani lulluɓe da baƙin mayafi, madubi a gurbin fuskarsa. Haka abin ke ta maimaituwa kamar mafarki, har ta zama mutum uku a tebur ɗaya. Mai kallo a Kano da ya saba da waƙa da doguwar hira zai ji shirun ya yi masa nauyi da farko, amma hotunan kan zauna a zuciya.

Ba ta jira kamfani ba. A 1946 ta yi hayar wani ƙaramin zauren wasa a New York ta nuna finafinanta da kanta. Wannan dogaro da kai ba baƙo ba ne ga Kanawa: ƙungiyar Tumbin Giwa ma da kyamarar bidiyo ta fitar da Turmin Danya a 1990, shekarar da Amurka ta saka fim ɗin Deren na farko a rumbun finafinanta na tarihi.

Daga 1947 ta riƙa zuwa Haiti tana ɗaukar bukukuwan addinin Vudu, ta kuma rubuta littafin Divine Horsemen a 1953. Sunan na nufin iskokin da ke hawan mutum, kamar dai yadda 'yan bori ke kiran wanda aka hau doki ko goɗiya.

Ta mutu ranar 13 ga Oktoba, 1961, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, tana da shekara 44.