Gane agogon jabu ta fuskarsa: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa masana ke fara duba fuska kafin komai?

Domin ita ce babban abin da kake iya gani ba tare da an kwance bayan agogon ba, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai yarda a buɗe masa kaya ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, a nan ma haka take, amma da sharaɗi: fuska tana iya tona asirin jabu, ba ta isa ta wanke agogo ita kaɗai ba. Kuskure ɗaya ya isa ka ajiye shi ka kama gabanka.

Abin da kake buƙata bai da yawa: gilashin ido irin na masu gyaran agogo mai ninka girma sau 10, hasken rana, da hoton ainihin wannan samfurin. Samfurin fa, ba na ɗan'uwansa ba, domin kamfani ɗaya kan sauya rubutun fuska daga shekara zuwa shekara.

A rubutun me zan duba?

Bakin haruffa. A na asali tawadar tana zaune tsaf, gefenta a yanke, har ka ga ta ɗan taso idan ka karkata agogon. A na jabu za ka tarar ta ɗan malala, ko wani harafi ya fi wani kauri, ko tazarar da ke tsakaninsu ta ƙi daidaita. Kalli "Swiss Made" da ke ƙasa wajen ƙarfe shida, ka ga ko ya zauna daidai da layukan minti.

Kamfanin agogo na Cartier na da wata dabara: a yawancin agogunansu masu lambobin Romawa, ɗaya daga cikin sandunan VII ko X ba sanda ba ce, sunan kamfanin ne aka rubuta ƙanana. Masu jabu sukan manta da shi ko su yi shi a dagule. Amma kada ka ga IIII a gurbin IV ka ce ka kama ɓarawo. Tsohuwar al'adar masu ƙera agogo ce, Cartier da Rolex duk suna yin ta.

Ƙullutun gilashin nan da ke kan kwanan wata fa?

Rolex ta fito da shi a 1953, ta sa masa suna Cyclops, kuma yana ninka lambar sau biyu da rabi. Idan ka kalle shi kai tsaye, lambar tana kusan cika tagar, tana tsakiya, ba ta jingina sama ko ƙasa ba. A jabu mai araha lambar takan fito ƙarama, sai ka matse ido. Juya hannun agogon ya ratsa sha biyun dare: a samfurin Rolex Datejust na zamani kwanan wata yana tsallakawa farat ɗaya, ba ya jan ƙafa. Sai dai rashin ƙullutun ba laifi ba ne a kowane samfuri. A samfuran Rolex, Deepsea ba ta da shi, Sea-Dweller ma sai a 2017 ta samu.

An ce agogon asali ba ya yin tik-tik. Gaskiya ne?

Wannan magana ta ɓatar da mutane da yawa. Yawancin injinan Rolex na yanzu suna bugawa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a daƙiƙa, shi ya sa hannun daƙiƙa yake tafiya kamar yana sulalewa. Mai batir kuwa sau ɗaya yake tsalle. To idan ka ga Rolex Submariner tana tsalle ɗai-ɗai, magana ta ƙare. Amma Rolex da kanta ta yi agogon batir mai suna Oysterquartz tun daga 1977, Cartier da Omega ma suna da nasu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, jabun yanzu da yawa inji mai motsi da kansa ne a cikinsu, hannunsu na sulalewa sumul. A ganina wannan gwajin ya tsufa, jabun da ba a wahala a kansa ba kawai yake kamawa.

Ƙananan da'irori uku da ke wasu fuskokin fa?

Danna maɓallan gefe ka gani. A samfurin Rolex Daytona suna ƙidaya minti da awa da daƙiƙa ne. Idan hannuwansu a manne suke, ko ɗaya yana nuna ranar mako, jabu ne. Tun shekarar 2000 da Rolex ta sa injinta na 4130, da'irar daƙiƙa mai tafiya kullum tana wajen ƙarfe shida. A na gabansa mai injin kamfanin Zenith tana wajen ƙarfe tara.

Hasken da fuska ke bayarwa cikin duhu yana faɗin wani abu?

Sosai, musamman a tsofaffin agoguna. Har zuwa wajen 1998 da sinadarin tritium ake shafe alamomin awa, shi ya sa za ka ga "T Swiss T" ko "T < 25" a ƙasan fuska. Ƙarfin tritium yana raguwa da rabi a duk shekara 12 da 'yan watanni. Saboda haka agogon da aka ce na shekarun 1970 ne, da T a fuskarsa, amma yana ƙyalli rangaɗau cikin duhu, akwai lauje cikin naɗi: ko jabu ne, ko an sake shafa masa. Daga 2008 Rolex ta shigo da Chromalight mai shuɗin haske, inda a da kore ne. Duba kuma yadda farin sinadarin ya cika gurbinsa. A na asali ya kwanta lif cikin zoben zinare, bai zubo waje ba, kuma launin na hannuwa da na alamomi ɗaya ne.

Ɗan kambin nan, tambarin Rolex, da ake cewa yana jikin gilashi fa?

Tun wajen 2002 ake zana shi da laser a wajen ƙarfe shida, da ɗige-ɗige ƙanana ƙwarai, sai ka karkata agogon ka nema. Wanda ya fito ɓaro-ɓaro shi ne abin zargi. Daga tsakiyar shekarun 2000 kuma ana sassaƙa sunan kamfanin a zoben ciki da ya kewaye fuska, kambin yana daidai kan sha biyu, lambar agogon a shida. Karkacewa kaɗan takan faru ko a na asali, kada ka yanke hukunci da ita kaɗai.

Idan fuskar ta tsallake duk wannan, in biya?

Dakata tukuna. Akwai jabun da ake kashe kuɗi a kansu har su ruɗi dillalai. Akwai kuma haɗe-haɗe: fuska ta asali, injin na bogi, ko agogon asali da aka sake wa fenti, wanda darajarsa ke faɗuwa wajen masu tara tsofaffi. Kamfani ma kan sauya fuska lokacin gyara, sai ta zama ta gaske amma ba ta shekarar agogon ba. Kafin kuɗi su bar hannunka, ƙwararre ya buɗe baya ya ga injin, a haɗa lambar agogon da takardunsa, a kuma rubuta cewa za a karɓa a mayar maka da kuɗinka idan bincike ya nuna akasin abin da aka faɗa.