Labarin 'yar tsanar da ta ɓata: a karanta wa ƙananan yara ko a bari?

Ni malamar nazire ce a nan Gombe, kuma tambayoyin nan kullum sai iyaye sun tare ni da su a bakin get lokacin tashi, wallahi har bakina ya gaji. Magana ce a kan littattafai da katun ɗin nan da 'yar tsana za ta faɗo daga Keke Napep ko a manta da ita a kasuwa, sai ta fara magana tana yawo tana neman hanyar komawa wurin mai ita.

Daga shekara nawa?

Huɗu zuwa sama. Ɗan shekara biyu hoto kawai yake kallo.

Ba ƙarya ake koya musu ba, 'yar tsana tana magana?

Haba jama'a. Da Gizo da Ƙoƙi aka raine mu, kura tana magana, ɓaure yana buɗe baki, a ƙare da ƙurunƙus kan kusu, wa ya zama maƙaryaci saboda haka? Yaro da kansa yake goya 'yar tsanar kara yana ba ta tuwon ƙasa tun ba a karanta masa komai ba.

To a addini fa?

Ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), a Abu Dawud kuma har da doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya gani ya yi dariya. Abin da za ki duba shi ne in akwai wurin da ake roƙon wani abu ba Allah ba, ki tsallake shafin. Kuma ba za ki san yana ciki ba sai kin karanta kafin yaron, wanda da yawanku ba kwa yi.

Katun ɗin ya fi sauƙi, in ba shi waya kawai?

A'a Hajiya. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ku miƙa waya ku shige kicin, yaro shi kaɗai da kiɗa mai tsoratarwa, da dare ya farka da ihu ku ce shafar iska ce.

An kai 'yata gidan kakarta bayan mun rabu da babanta, yanzu ta dawo hannuna, in karanta mata?

Wannan ita ce tambayar da nake so a riƙa yi min, kuma ba ta da amsa guda ɗaya. Abin da ke taɓa yaro a irin labarin nan shi ne rabuwa, saboda a ransa shi ne 'yar tsanar da aka bari a hanya, shi ya sa za ki ga ya matso jikinki ya riƙe miki zani daidai wurin da mota ta tafi ta bar ta. Wata yarinyar labarin zai taimaka mata sosai, ta ga an ɓata an kuma sadu, har ta fara faɗin abin da ke cinta ta bakin 'yar tsanar, ta ce "tana jin tsoro ne Mama", alhali kanta take nufi. Wata kuma fama mata ciwo zai yi, musamman in abin bai daɗe ba, ko tana fitsarin kwance da ba ta yi a da, ko ba ta yarda ki shiga banɗaki ba tare da ita ba. In haka ne ni dai zan ce a dakata tukuna. In kin ga ta sake tana wasa da yara, to gwada, amma ki fara duba ƙarshen labarin. In an samu 'yar tsanar, bismillah. In ƙarewa aka yi da sayo sabuwa ko ta tafi ke nan, ki ajiye shi sai ta kai kamar shekara bakwai. Ki gaya mata tun farko cewa za a same ta, ƙaramin yaro ba ruwansa da wai an ɓata masa labari. Kuma in rasuwa aka yi a gidan, a nan kam a yi hattara, kada ta ɗauka wanda ya rasu ma dawowa zai yi.

Ɗana ya yi kuka da na karanta masa, na yi laifi?

Ba ki yi ba, kwantar da hankalinki 'yar uwa. Tausayi ne, kuma abu ne mai kyau. Rungume shi, ki tambaye shi ko a ci gaba. In ya ce a'a a rufe, kada a ce masa rago.

Da dare za a karanta?

Na san da dare muka saba tatsuniya, amma karon farko a yi bayan la'asar, ido na ganin ido. In ya riga ya san ƙarshen, a karanta ko wane lokaci.