Koyarwa ta hanyar nazarin matsala a makarantun kasuwanci

Nazarin matsala salo ne na koyarwa da ake horar da ɗaliban digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, da shi. Maimakon malami ya tsaya yana zuba bayani ɗalibai na rubutawa, sai a miƙa wa ɗalibi labarin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, a ce masa: kai ne manajan, yaya za ka yi?

Salon ya samo asali ne daga makarantar lauyoyi ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, inda Christopher Langdell ya fara koyarwa da hukunce-hukuncen kotu a 1870 a madadin haddar ƙa'idoji. An kafa makarantar kasuwanci ta jami'ar a 1908, kuma Wallace Donham, wanda lauya ne, shi ya kafa salon da gindinsa a can bayan ya zama shugabanta a 1919. A 1921 aka rubuta matsalar kamfanin takalma na General Shoe, wadda ba ta wuce shafi guda ba: ga oda ta taru ba a cika ba, ga ma'aikata suna ajiye aiki tun kafin lokacin tashi. Ba a faɗi dalili ba, ba a kuma ba da amsa ba. Nemo su shi ne karatun.

A Harvard, aji guda yakan ɗauki ɗalibai kusan 90, zaune a kujeru masu hawa-hawa da aka jera kamar kofaton doki, kowa da sunansa a gabansa. Malami yakan buɗe darasi da kiran ba-zata: ya ambaci sunan mutum ɗaya, shi kuma ya faɗi shawarar da ya yanke da hujjarsa. Daga nan muhawara ta kaure. Wannan ya ce a rage farashi, wancan ya ɗauko lissafi ya nuna ribar ba za ta ɗauka ba, malami na rubuta ra'ayoyi a allo yana ƙara tambaya. Kusan rabin makin ɗalibi daga bakinsa yake fitowa. Kafin ya gama shekara biyu ya bi ta kan matsaloli kusan 500, kuma a nan ƙarfin salon yake: mutum ya saba yanke shawara alhali bayanan hannunsa ba su cika ba, kamar dai yadda kasuwa take.

Kamfanonin ba da shawara kan harkar kasuwanci sun fi kowa cin moriyar wannan horo. A 1953, ƙarƙashin jagorancin Marvin Bower, McKinsey, ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, ya soma ɗaukar sabbin masu MBA aiki kai tsaye daga makaranta, kuma har gobe irin waɗannan kamfanoni da nazarin matsala suke gwada mai neman aiki. Barbara Minto, wadda ta gama Harvard a 1963 ta shiga McKinsey, ita ta yi suna da ƙa'idar da ake koyarwa yanzu a darussa da dama: a rarraba matsala kashi-kashi yadda wani kashi ba zai shiga wani ba, ba kuma a bar komai a waje ba, sannan a fara gaya wa mai kamfani amsar kafin a jero hujjoji.

Akwai masu suka. Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya yi ƙorafi a littafinsa na 2004 cewa salon na sa matasa su riƙa zartar da hukunci kan kamfanin da ba su taɓa taka ƙafa cikinsa ba. Sukar na da gaskiyarta, don takarda ba ta nuna fushin ma'aikaci ko taurin kan mai jari. A 2011 Harvard ta ƙara wani kwas mai suna FIELD, inda ɗalibai kan fita su yi aiki da kamfanoni ido da ido. Makarantu irin su Ivey a Kanada, IESE a Sifen da Makarantar Kasuwanci ta Legas su ma da wannan salo suke koyarwa.